Amsoshin Tambayoyinku: Kafin a Raɗa wa Jariri Suna

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Katsina ta Dikko ɗakin kara. Tun makon jiya da muka ce za mu taɓa batun sunaye saƙonni ke ta shigowa, na takarda da na waya, har daga Maraɗi. Lokacinmu kaɗan ne, don haka wanda bai ji an karanta nashi ba ya yi haƙuri. Malam na tare da mu kamar kullum. Allah ya gafarta Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai. Allah ya sa mu dace.

Mai gabatarwa: Amin. Ta farko daga Mai'aduwa. Mai tambaya ya ce ƙaninsa ana ce mashi Balarabe, alhali ba su haɗa komai da Larabawa ba, to daga ina? Wannan ni ma zan iya. Ranar Laraba aka haife shi, shi ke nan. Mace a ce Balaraba ko Larai. Ko ba haka ba, Malam?

Malam: Haka ne. Sai dai ranakun su kansu daga Larabci muka aro su. Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Ƙirga ce kawai. To ka ga Ɗanladi da Talatu da Lami duk suna da ɗan Larabci a jikinsu ba su sani ba.

Mai gabatarwa: To Lami, kin ji. Sai wata daga Ƙofar Marusa, ta ce me ya sa ake cewa Aishatu, Hafsatu, Halimatu, wasu kuma su ce Aisha da Hafsa, wanne ne daidai?

Malam: Duka daidai ne. Balarabe idan ya tsaya a kan sunan sai ya ce A'isha, idan zai zarce da magana sai ya ce A'ishatu. Kakanninmu a allo da littafi suka koyi sunayen, da wasalinsu cikakke, shi ya sa muke da Muhammadu da Umaru da Aliyu.

Mai gabatarwa: Ni kuma in ƙara da roƙo. Wanda kuka zaɓa a takardar haihuwa, ku riƙe shi har katin ɗan ƙasa da takardun makaranta. Yara nawa ke wahala lokacin rajistar JAMB saboda nan an rubuta Aisha, can an rubuta A'ishatu. Iyaye, ku duba tun yaro na goye.

To yanzu ga wadda za mu ɗan zauna a kanta, don kusan rabin saƙonnin da ke gabana maganarsu ɗaya ce. Wata baiwar Allah ce daga Sabuwar Unguwa. Ta ce ta haihu kwana huɗu ke nan, ɗiya mace. Barka, Allah ya raya. Ta ce ta ga wani suna a waya, an rubuta wai daga Alƙur'ani yake, ya yi mata daɗi a baki. Maigidan kuma ya ce sunan mahaifiyarsa zai sa, Hadiza, ita kuma tana ganin sunan ya tsufa, gidansu kaɗai Hadiza uku ce. Tana tambaya, duk kalmar da ke cikin Alƙur'ani ana iya sa wa yaro? Kuma wa ke da hakkin zaɓen suna? Malam, saura kwana uku suna.

Malam: To, bismillah. Kafin in amsa, ka san mu nan Katsina ba baƙin Larabci ba ne. Tun zamanin Muhammadu Korau Musulunci ya zauna a gidan sarauta, Shehu Magili ya ratsa ta garin nan a ƙarshen ƙarni na 15, ga hasumiyar Gobarau tana tsaye. Waliyyi Ɗanmarna da muke ziyarta, a littattafan Larabci Ibnus Sabbagi ake rubuta shi, wato ɗan mai rini, ɗan marina. Ka ga mutanen da sun san abin da suna ke nufi a harshen biyu. Idan malami ya raɗa suna, ya san abin da ya raɗa. Har almajiransu ma...

Mai gabatarwa: Allah ya gafarta Malam, mai jego na jira.

Malam: To, to. A'a, ba kowace kalmar Alƙur'ani ake sa wa yaro ba. Alƙur'ani maganar Allah ce, amma a cikinta an ambaci Aljanna an ambaci wuta, an ambaci Musa an ambaci Fir'auna. Akwai Hawiya a Suratul Ƙari'a, aya ta 9. Daɗin faɗi gare ta kamar sunan mace, amma sunan wuta ne. Saƙar a Suratul Muddassir, ita ma wuta ce. Akwai Tukazziban da ke maimaituwa sau 31 a Suratur Rahman, kunne ya saba da ita har ta zama kamar waƙa, amma ma'anarta ku biyu kuke ƙaryatawa. Yaya za ka kira ɗiyarka da wannan safe da yamma?

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don wanda ya buɗe rediyo yanzu. Kasancewar kalma a cikin Alƙur'ani bai isa ba. Sai an san me take nufi. Hawiya wuta ce, Saƙar wuta ce.

Malam: Akwai kuma masu kyau, kada a ce na hana. Tasnim marmaro ne a Aljanna, yana Suratul Muɗaffifin aya ta 27. Salsabil ma haka, a Suratul Insan. Kausar kowa ya sani. Afnan rassan itatuwa ne, a Suratur Rahman aya ta 48. Sidra da ake yayi yanzu, daga Sidratul Muntaha ne a Suratun Najmi, kuma sidr a Larabci magarya ce, wannan dai magaryar da muke wanka da ganyenta. Rayyan kuma a hadisi ya zo, ƙofar Aljanna ce ta masu azumi. Waɗannan ba laifi. Akwai kuma na tsakiya, ba su da muni amma in ka ji fassarar sai ka yi murmushi. Zanjabil, aya ɗaya kafin Salsabil, citta ce.

Mai gabatarwa: Citta mai yatsu?

Malam: Ita fa. An ambace ta a abin shan 'yan Aljanna, amma citta ce.

Mai gabatarwa: To mai jego ba ta faɗa mana sunan da ta gani ba, sai ta aika a tambayar mata. Amma Malam, batun Hadiza ya tsufa fa?

Malam: Nan ne nake so ta saurare ni da kyau. Khadija a asalin Larabci ana faɗinsa ga jaririyar da aka haifa kafin watanninta su cika, abin da muke ce wa bakwaini. Faɗima daga yaye ne. A'isha mai rai, mai rayuwa. Zainab wata itaciya ce mai ƙamshi. Bakr saurayin raƙumi ne, kuma Abubakar ma alkunya ce, sunansa na yanka Abdullahi. Usman a ƙamus ɗan tsakon tuje ne. Ja'afar ƙorama. Larabawan da, abin da ke kewaye da su suke sa wa 'ya'yansu, raƙumi da zaki da itace da dutse, kamar yadda mu ma muke da Nomau da Shekarau da Tanko. To me ya ɗaukaka waɗannan sunaye? Waɗanda suka ɗauke su. Bahaushe da ya sa wa ɗiyarsa Hadiza ba bakwaini yake nufi ba. Yana nufin matar da ta fara yin imani da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ta lulluɓe shi ranar da ya sauko daga kogon Hira jikinsa na rawa, ta kashe dukiyarta a kansa, bai kuma yi mata kishiya ba har ta rasu. Wannan sunan ne za a ce ya tsufa?

Mai gabatarwa: Allahu akbar.

Malam: Saboda haka suna iri biyu ne mai kyau. Wanda ma'anarsa ke da kyau, da wanda mai shi na farko mutumin kirki ne. In an sami duka biyu, madalla. Kuma Annabi ya damu da wannan ƙwarai. Sayyidina Umar yana da ɗiya ana ce mata Asiya, mai saɓo ke nan, Annabi ya mayar da ita Jamila. Yana cikin Muslim. A nan sai a yi hattara, don a bokonmu rubutun ɗaya ne da Asiya matar Fir'auna, amma a Larabci haruffan daban ne. Ta Fir'auna da alif mai ja take farawa da sinun, mai saɓon kuma da ainun da sadun. Wadda muke sa wa 'ya'yanmu ita ce matar Fir'auna, muminar da Allah ya buga misali da ita a ƙarshen Suratut Tahrim.

Mai gabatarwa: Masu suna Asiya, hankalinku ya kwanta. Naku na matar Fir'auna ne, mumina. Na san da mun wuce wannan wajen da waya ta cika kafin mu fita.

Malam: Akwai kuma wani sahabi, kakan Sa'idu ɗan Musayyib, sunansa Haznu, wato ƙasa mai tauri, mai wuyar bi. Annabi ya ce mashi kai Sahlu ne, mai sauƙi. Ya ce ba zai canza sunan da mahaifinsa ya sa mashi ba. Jikan nasa Sa'idu, babban malamin Madina, ya ce tun daga nan taurin nan bai bar gidansu ba. Buhari ne ya ruwaito. Har sunan da ke yabon kai Annabi ya canza, Barra, wato mai yawan biyayya, ya mayar Zainab.

Mai gabatarwa: Saura rabi na biyu na tambayarta. Wa ke da hakki, uba ko uwa?

Malam: In an yi saɓani, malamai sun ce na uba ne, don da shi ake danganta yaro. Amma ba a ce ya yi gaban kansa ba. Wa ya sa wa Nana Maryam suna? Mahaifiyarta ce, matar Imrana, Alƙur'ani ya kawo maganarta a Ali Imrana aya ta 36, ta ce na sa mata suna Maryam. Sayyidina Ali ranar Khaibara da bakinsa ya ce mahaifiyarsa ce ta sa mashi Haidar, wato zaki. To ka ga uwa na da baki a ciki. Matar da ta ɗauki ciki wata tara, yanzu tana wankan jego tana shan kunun kanwa, a ce ba za a ko tambaye ta ba?

Mai gabatarwa: Ni dai ra'ayina, kuma ra'ayina ne ba fatawa ba, wannan gidan ba su da matsala ko kaɗan. Sunan mahaifiyar maigida ne, ke da kanki ba za ki iya kiransa gatsau a tsakar gida ba, dole a yi alkunya. To a yanka rago da Hadiza, ke kuma ki zaɓi laƙabin da za a riƙa kiranta, in an tabbatar ma'anarsa mai kyau ce. Kaka ta sami takwara, ke kin sami naki. Haka iyayenmu suka yi ta yi, shi ya sa gidajenmu ke cike da Ummi da Abba da Walida da Nana. Ku kuma magidanta, ina da ƙorafi a kanku. Wata tara kuna da labari, amma sai daren suna, an sayo goro an ɗaure rago, sannan za ka bugo wa malami waya kana tambayar ma'ana. Wani ma sai an idar da sallar asuba liman ya juyo ya ce wane suna, sannan ya fara lalube a waya. Haba jama'a. Yaron nan da sunan zai shiga makaranta, da shi za a ɗaura mashi aure, da shi za a yi sanarwar rasuwarsa.

In sake faɗi a taƙaice saboda masu tambaya da yawa: a tambayi wanda ya san Larabci tun kafin ranar suna, kada a dogara da abin da aka gani a waya, kuma miji da mata su zauna su yi shawara. Mu ci gaba.

Daga Daura, kusa da rijiyar Kusugu, wani ɗalibi ya ce Buhari sunan sahabi ne? Malam, a gajarce.

Malam: Ba sahabi ba ne, nisba ce ta gari. Bukhara birni ne a ƙasar Uzbekistan ta yau. Can aka haifi Imam Muhammadu ɗan Isma'ila a shekara ta 194 bayan hijira, mai Sahihi, sai ake ce mashi Albukhari, kamar ka ce Bakatsine ko Badauri. Son littafinsa ya sa iyaye ke sa wa 'ya'yansu, har ya zo kan ɗan garinku marigayi shugaban ƙasa Muhammadu Buhari. Irinsu da yawa. Jilani daga yankin Jilan a Iran, saboda Shehu Abdulƙadir da ke kwance a Bagadaza. Tijjani saboda Shehu Ahmadu Tijjani da ke Fas a Maroko. Gazali, Sanusi, Shafi'i, duk sunayen malamai ne. Kuma tunda Daura aka ambata, shi kansa Bayajidda masu tarihi da yawa na cewa Abu Yazid ne bakin Hausawa ya juya, ko da yake tsofaffi na cewa ba ya ji da ne, don bai jin Hausa lokacin da ya iso...

Mai gabatarwa: Wannan sai mun ware mashi rana guda, Malam, mutanen Daura ba za su yarda a yi shi a tsaye ba. Daga Jibiya: Sani da Salisu da Rabi'u, me suke nufi?

Malam: Lissafi ne. Mutum na son duk 'ya'yansa maza su zama Muhammadu, sai ya jera: Auwal na farko, shi ne Lawal, Sani na biyu, Salisu na uku, Rabi'u na huɗu, Hamisu na biyar, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, har Ashiru na goma. Muhammad kuwa wanda ake yawan yabo ne, tushensu ɗaya da Ahmad da Mahmud da Hamid. Sau 4 sunan Muhammad ya zo a Alƙur'ani, Ahmad sau 1, a Suratus Saffi.

Mai gabatarwa: Wanda ya kai Ashiru, Allah ya ƙara buɗi, gidan ya cika. Wata daga Dutsin-ma ta ce Bello da Dikko Larabci ne? A'a hajiya, Fulatanci ne, Dikko ɗan fari ake ce wa. Wani daga Rimi ya ce a gaida matarsa Indo, kuma wai me Indo ke nufi? Laƙabin A'isha ne, kamar Dije ga Hadiza, Mairo ga Maryam, Kulu ga Hauwa, Abu ga Zainabu. Indo, maigida na gaisuwa, a ƙara mashi nama a miya.

Wannan kuma daga wani malamin firamare a Mashi. Ya ce a ajinsa akwai yara huɗu da aka rubuta masu Abdul kawai, wasu kuma ana kiransu Razak ko Rahman. Ya halatta?

Malam: Ya yi tambaya mai kyau. Abdul rabin suna ne, bawan wa? Ba a ƙarasa ba. Abdu bawa ne, sai a jingina shi ga ɗaya daga sunayen Allah: Abdullahi, Abdurrahman, Abdulkarim, ko Abdulmumini irin na mai martaba Sarkin Katsina. Hadisi ya tabbata a Muslim cewa mafi soyuwar sunaye a wurin Allah su ne Abdullahi da Abdurrahman. Audu da muke cewa ma daga nan ya fito. Abin da ba shi da kyau shi ne a yanke bawan a bar sunan Ubangiji a kan yaro, a ce Rahman zo nan, Razak tafi can. Arrahman Allah ne shi kaɗai. A daure a cika. Kuma ba a bautar da suna ga wanin Allah, ko da Annabi ne, ba a cewa Abdunnabi. Abdurrahman ɗan Aufu da wani suna irin na jahiliyya yake, Annabi ya canza mashi.

Mai gabatarwa: Malaman makaranta, ku taimaka a rajista, a rubuta suna cikakke. Daga Maraɗi, gaisuwa ga 'yan uwanmu Katsinawan can: Ibrahim da Yusuf Larabci ne?

Malam: Malaman nahawu na ce masu ajami, wato ba asalin Larabci ba ne, sun girmi shigarsu Larabci. Isma'ila a harshen Ibrananci Allah ya ji ne, Yusuf Allah ya ƙara, Ishaƙa kuma daga dariya, ka tuna a Suratu Hud matar Annabi Ibrahim ta yi dariya aka yi mata bushara da shi. Maryam ma haka, kuma ita kaɗai ce macen da aka ambaci sunanta a Alƙur'ani, har da sura guda, ta 19. Wannan na nuna ba sharaɗi ba ne suna ya zama Larabci. Sunan Hausa mai kyakkyawar ma'ana ba haramun ba ne, Nagari ko Yalwa ko Gambo mai bin tagwaye.

Mai gabatarwa: Ana ɗaga mani hannu ta bayan gilashi, saura minti ɗaya. Ta ƙarshe daga Kaita. Ya ce ya girma ya gano ma'anar sunansa ba ta da kyau, in zai canza sai ya sake yanka rago?

Malam: Ba sai ya sake ba. Ragon suna na haihuwa ne, ranar bakwai, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ɗaya ya isa ko namiji ko mace. Ya zaɓi mai kyau ya sanar da dangi.

Mai gabatarwa: Ya kuma je kotu ya yi takardar rantsuwa a gyara takardunsa, kada banki ya riƙe mashi kuɗi. Masu tambaya a kan sunayen tagwaye da mai tambaya a kan huɗuba a kunnen jariri, na ajiye takardunku a sama, da su za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mai jego ta Sabuwar Unguwa, a shafa mana kan jaririya, kuma a aiko mana da sunan da aka raɗa. Malam, mun gode.

Malam: Madalla. Allah ya raya mana su bisa sunna.

Mai gabatarwa: Amin. Wassalamu alaikum.